Saura kashi biyu shirin ya ƙare, wa ya kashe direban?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum mutanen gida. Wanda bai kalli kashi na 11 na shirin nan na Kano mai dogon zango kan kisan direban gidan Alhaji ba ya tsaya nan, kar ya zo ya ce na ɓata mishi. Jiya a fada muka kalla mu bakwai kan talho guda, shayi na biyu ya ƙone a kan gawayi ba wanda ya tuna da shi. Walahi wurin da talhon marigayi direban ya yi ƙara cikin durowar Hajiya babba sai da na miƙe tsaye. Zango uku muna ta ɗora ma Alhaji mai gidan mai, ashe abin yana cikin ɗakin uwargida. Amma ni ban yarda ita ta kashe ba. Rufa ma wani asiri take, kuma wanin nan ƙanenta ne, manajan gidan man. Shi ke riƙe da makullin ƙofar baya, shi ya fara isa wurin gawa, kuma shi ya ce ma 'yan sanda ya ga yaron da ke zuba mai yana faɗa da direban da magariba, alhali ba wanda ya ga faɗan nan sai shi kaɗai. Me kuka gani?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Ni tun zango na ɗaya nake faɗa muku matar nan ba ta kwanta mini ba, mace a ce an kashe direban da ya yi shekara goma yana kai 'ya'yanki lakwal amma ko gaisuwa ba ki je ba, kika aika da buhun shinkafa kika zauna. Wannan ba halin mutanenmu ba ne sai in da abin da kike tsoron gani a idon matarshi.

Ɗan Birni:
Tanti ai tsoron shi ne ta san ƙanenta ne

Maman 'Yan Biyu:
A'a ƙanena, ka sake kallon wurin da ta rufe durowar. Hannunta bai yi rawa ba. Mai rufa ma wani asiri jikinshi yana ɓari, ita ko kamar ta saba.

Mai Gyaran Talho:
Ku bari in sa baki a nan don wannan sana'ata ce, shekara tara ina zaune a kasuwar Dole ina buɗe talho. A cikin labarin an kashe direban wata takwas da suka wuce. Ƙaramin talho mai maɓalli in ya daɗe da caji ya yi sati guda zuwa biyu a kunne, ko sabon batir ne ba ya kai wata takwas. Kenan akwai mai ciro shi yana sa mishi caji yana mayarwa. Wanda ya yi kisa abin da zai fara yi shi ne ya cire sim ya karya ya jefa talhon a masai. Wanda ke ta cajin shi wata takwas ba ɓoye shaida yake ba, ajiyar ta yake, ko dai yana jiran wani kira ko yana riƙe wani da ita. Ni a ganina Hajiya ta riƙe talhon ne don ta riƙe wuyan Alhaji, tun da ya yi amarya ba ta da wani makami sai shi.

Ɗan Zengou:
Kai malam Allah ya ƙara basira. Wannan ban yi tunaninshi ba ko kaɗan

'Yar Karkada:
Dan Allah wa ke da shi ya turo mini, an ɗauke wuta tun la'asar jiya talhona ya mutu, yau kuma rezo sai a hankali

Admin:
A kalla a tashar masu shirin a YouTube, ba a tura bidiyon a nan. Da kallon da muke yi can ne suke samun abin biyan 'yan wasa. Kuma 'yar'uwa ki fita daga nan har ki kalla, za a ɓata miki.

Ɗan Zengou:
To ni ga abin da ya tsaya mini. Kun lura da lambar da ta kira? Na tsayar da bidiyon na duba sau uku, +227 ce, lamba takwas. Lambar Nijar ce. Kenan mai kiran yana wannan gefen namu. Kuma tun farko an nuna gidan man Alhaji yana kan hanyar Daura kusa da iyaka.

Tsohon Mai Ruwa-ruwa:
Yawwa an zo wurina. Na yi shekara shida ina sai da isanshi a kwalba bakin titi kafin Allah ya ba ni adaidaita, don haka abin da shirin nan ke nunawa na san shi ba a tele ba. Ku tuna lokacin da aka sa labarin, ƙarshen 2019 ne, a kashi na farko ma an nuna layin kamiyo sun tsaya a iyaka. Watan Agusta 2019 Buhari ya rufe iyakokin ƙasa, sai watan Nuwamba duwan ɗin Nijeriya suka hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. To gidan man da aka hana kai mishi mai, me sitarne cike take yi a harabarshi ƙarfe biyun dare? Amsar a fili take. Juye ake cikin bido mai lita 25, masu moto su bi ta daji su ɓullo ta wajen Matameye ko Magaria, mu kuma da safe mu saye. Direban ya san sitarne nawa suka shiga da waɗanda ba a rubuta ba. Shafin da aka yage a littafin lissafi shi ne na daren. Wanda ya kira daga lambar Nijar abokin cinikin ne na wannan gefen, kuma ina jin bai ma san an kashe direban ba ko ko ya sani yana son kuɗinshi. Ni wanda nake zargi DPO ne, wato shugaban 'yan sandan yankin. Ba a juye sitarne guda a bakin iyaka a rufe ba tare da mai kaki ya ci nashi ba, kuma shi ne ya cire Insfekta daga binciken ranar da ta tambayi littafin.

Ɗan Birni:
Yaya, DPO ya ci kuɗi na yarda, amma cin kuɗi daban kisa daban. Mutum irin shi ba ya sa hannunshi.

Tsohon Mai Ruwa-ruwa:
Wa ya ce da hannunshi? Kurtun nan dogo da ba ya magana, wanda kullum ke tuƙa shi. Ka taɓa ganin an nuna inda yake daren? An nuna kowa ban da shi.

Mushe:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni abin da ya dame ni ba wanda ya kashe ba ne, wannan +227 ɗin ce. Ina son shirin, ban taɓa fashin kashi guda ba, amma ku duba yadda ake fito da mu. Ɗan Nijar a fim ɗin Kano in ba mai gadi ba ne da rawani da butar shayi yana Hausa a karye, to ɗan sumoga ne da ba a ganin fuskarshi sai murya a talho. A shirin nan ma duka biyun suna nan. Mu da muke kallon su fiye da yadda wasu garuruwan nasu ke kallo, 'yan wasansu in sun zo Damagaram wasan sallah filin cika yake har a rasa wurin tsayuwa. Tsakaninmu da Kano tafiyar yini ba ta kai ba, auratayya ce, kasuwa ce tun zamanin ayari. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, muna da jami'a, muna da matatar mai tun 2011, amma marubuci in ya tuna da mu sai a bakin ƙofa da sanda. Yarana a aji suna kwaikwayon maganar mai gadin suna tsokanar wani ɗan ajinsu Buzu, sai da na tsaya na yi musu faɗa sosai.

Maman 'Yan Biyu:
Mushe gaskiyarka, amma ka yi ma mai gadin adalci. Duk cikin shirin shi kaɗai ne bai yi ƙarya ba. An ba shi kuɗi ya mayar, an kore shi daga aiki, kuma shi ya je har gida ya gaya ma Insfekta daga ciki aka buɗe ƙofa. Ni in an ce wannan ne ɗan Nijar na karɓa.

Mushe:
Hajiya na ga wannan kuma na ji daɗinshi. Hausar da aka sa mishi a baki ce ba ta yi mini ba, ba haka Buzayenmu na Zengou ke magana ba, da yawansu sun fi ni Hausa.

Ɗan Kara-kara:
Mushe ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu 'yan unguwarmu ko a nan cikin gari haka ake mana, da ka ce daga Kara-kara kake sai a gyara riƙon jaka. Shi ya sa da Aicha Macky ta yi fim ɗinta a 2021 kan unguwar da 'yan pale, wato gungun samarin da ake ma kallon 'yan daba, na ji daɗi, don ita 'yar garin ce ta zo ta zauna da mutane ta bar su suka yi magana da bakinsu, an ga mai laifi an ga kuma mai neman na kanshi. Yaron gidan man nan da aka rufe ni kamar ina ganin abokaina ne. Ba uba, ba kowa, an samu gawa an waiga wa ya fi sauƙin kamawa.

Baƙon Gida:
Ku dai kuna ta wahala, amarya ce ta kashe shi. Tsohon saurayinta ne, yana da hotunanta, shi kenan. Duk sauran surutu ne na marasa aikin yi

Admin:
Malam ka faɗi ra'ayinka ba tare da zagi ba. Gargaɗi na farko.

Ɗan Birni:
Kuma ma amarya tana asibiti daren, an nuna a zango na biyu da ƙarin ruwa a hannunta

Mai Gyaran Talho:
Tana asibiti amma talhonta ba ya wurinta, ta tambayi nas ina yake. Ban ce ita ce ba, na ce dai kar a cire ta tukuna.

Yayar Wani:
Ni ban cika magana a nan ba, karatu nake, amma yau zan yi. Ku kuna lissafin wa ya kashe, ni tun kashi na uku yaron nan kawai nake kallo. Ƙanena ya yi wata goma sha huɗu a gidan kaso kan kayan shagon da ya ɓace a inda yake aiki, ba a yanke mishi hukunci ba, jira kawai. Kullum ni ke kai mishi abinci da rana, in dafa in sa a kwano in hau kabu-kabu, a caccaka tuwon da cokali a ƙofa kafin a shiga da shi. Mahaifiyarmu ta sai da tumakinta biyu da zannuwan aurenta. Daga baya aka gano wanda ya ɗauka, ɗan mai shagon ne, aka kira ƙanena aka ce ya tafi gida. Shi kenan. Ba wanda ya ce yi haƙuri, yarinyar da zai aura an ba wani, har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Wurin da uwar yaron ta zo da kwano aka ce lokacin ziyara ya wuce ta zauna a ƙasa bakin ƙofa, na kashe tele na shiga ɗaki na yi kuka. Abin da nake roƙo kar su ƙare shirin nan da Alhaji ya yi hatsarin mota ko ya kwanta ciwo ya kira malam ya tuba kowa ya yafe. Ina son in gan shi tsaye gaban alƙali, a karanta mishi abin da ya yi a gaban uwar yaron, kuma a nuna yaron ya fito, a nuna wata takwas ɗin nan wa zai biya shi.

Maman 'Yan Biyu:
Allah sarki 'yar'uwa. Allah ya saka mishi, ya ba shi mata ta gari wadda ta fi waccan

Ɗan Kara-kara:
Amin. Yaya ki gaishe shi, ki ce akwai masu irin labarinshi da yawa, ba shi kaɗai ba ne

Ɗan Zengou:
Amin ya Allah. Amma Yaya ina jin tsoron abin da kike gudu shi za a yi, don saura kashi biyu kawai, yaushe za a kama, a yi bincike, a shiga kotu? Sai dai a gaggauta.

Malam Na Masallaci:
Allah ya ba ƙanenki haƙuri. Sai dai ina so in gyara abu guda, don kar a ɗauka tuba wasa ce. Ko a addini haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Wanda ya kashe rai, magada ke da magana, ko ƙisasi ko diyya ko su yafe da kansu ba da tilas ba. Wanda ya sa aka rufe marar laifi sai ya nemi yafiyarshi ya gyara abin da ya ɓata. In masu shirin suka nuna Alhaji ya yi kuka a kan gado shi kenan an wuce, to sun koyar da abin da ba daidai ba. In za su nuna tuba su nuna ta cikakkiya, ya kai kanshi, ya faɗi gaskiya a gaban hukuma.

Ɗalibar Shari'a:
Na yi karatun shari'a a Yamai, bari in ɗan ƙara haske kan maganar lokaci. Tsarinsu da namu ba ɗaya ba ne shi ya sa wani abin ke ba mu mamaki. A nan in an kama mutum, tsarewar komisariya ko jandarmari awa 48 ce, prokirer, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, na iya ƙara wasu 48, daga nan dole a kai shi gabanshi. In laifi babba ne kamar kisa sai a ba alƙali mai bincike dosiyen, shi ke kiran shaidu, shi ke sa a tsare ko a saki, kuma komishe ba ya iya cire shi. A Nijeriya tsarin Ingila suka gada, binciken yana hannun 'yan sanda, shi ya sa DPO guda ya iya kawar da Insfekta ya zauna kan fayil ɗin, yaron kuma majistare ya aika shi gidan yari ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Wannan wurin marubucin ya yi shi daidai. Ba wai namu ba ya da matsala ba, labarin Yaya ya isa shaida, jiran shari'a a nan ma yana cin mutane. Abin da nake hasashe, ba za su nuna shari'ar Alhaji duka ba don a gaskiya shekaru take ɗauka. Za su nuna an janye tuhumar yaron, a nuna an sa ma wani ankwa, sauran a bar mu da shi ko a buɗe zango na huɗu.

Ɗan Birni:
Zango na huɗu kuma? Sun ce wannan ne na ƙarshe. Forfe nawa muka ƙona a shirin nan, in suka ja shi walahi zan ji haushi

Tsohon Mai Ruwa-ruwa:
Ni ban damu da a ja ba in dai za a taɓa DPO. Abin da nake tsoro a ɗora komai kan manaja, shi ne mai sauƙi, ba mai kuɗin ba ne ba mai kaki ba ne. A kama shi mu tafa, Alhaji ya ce bai sani ba, DPO a canza mishi wurin aiki. In aka yi haka an maimaita abin da aka yi ma yaron ne, an ɗan hau sama da taki guda kawai.

Mushe:
Kar ku manta kuma akwai hukumar tace fina-finai a Kano, ni ban ga yadda za a bar mai laifi ya sha ba a ƙarshe. Tambayar ita ce wane mai laifin za su iya nunawa. Mai kaki da ankwa a hannu ba kasafai ake ganin shi a fim ɗinmu ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni fa har yanzu ina kan Hajiya. Kun bar ta kun koma kan maza. Mai gyaran talho ya ce riƙe Alhaji take da shi, to in haka ne me ya sa da talhon ya yi ƙara ba ta yi mamakin lambar ba? Ta duba ta kashe kamar ta san mai kiran. Kuma ku tuna an taɓa cewa mahaifiyarta mutuniyar Magaria ce. Cinikin man nan na dare ina jin nata ne ita da ƙanenta, Alhaji sunanshi kawai ke kan allo.

Ɗan Zengou:
Innalillahi. Tanti in wannan ya tabbata kenan Alhajin da muke zagi zango uku bai san komai ba?

Yayar Wani:
Ya sani ko bai sani ba, shi ya je komisariya ya ce a riƙe yaron kar a ba da beli, da bakinshi. Wannan kaɗai ya isa a tsayar da shi.

Malam Na Masallaci:
Haka ne.

'Yar Karkada:
Na kalla yanzu!! Jikina har rawa yake. Amma ba wanda ya yi maganar tallan kashi na 12 da aka sa a ƙarshe? An nuna yaron a waje da riga shuɗiya yana tafiya bakin kasuwa, kamar daƙiƙa biyu. An sake shi kenan ko?

Ɗan Birni:
Na gani amma ina jin tuna baya ne, rigar ce ya sa a kashi na farko

Ɗan Kara-kara:
Ai da rigar aka kama shi, in an sake shi ita za a miƙo mishi a ƙofa. Haka ake yi.

Yayar Wani:
Haka ne, ƙanena da kayan da ya shiga ya fito, sun yi mishi yawa.

Mai Gyaran Talho:
Akwai hanyar ganewa. A zango na biyu an fasa mishi gira ta hagu a cikin kaso, tun daga nan tabon yana fuskarshi duk kashi. In akwai tabon a tallan to fitowa ce, in babu tuna baya ne. Na tsayar na ƙara girma amma a nawa hoton ya dushe, ƙaramin forfe gare ni ba ya buɗe mai kyau. Wanda ke da wifi a buro dan Allah ya duba mana gobe da safe, minti na 47 ne wajen ƙarshe, ya ɗauko hoton fuskar ya sa a nan.